Yadda ake dasa furen hibiskas da rainonsa a Legas

Wanda ya taɓa noman rama ko yakuwa ko kuɓewa, da ya ga furen hibiskas zai gane ɗan gida ne: ganyen fure biyar, da doguwar sanda a tsakiya mai ɗauke da rawayar ƙura. Sunansa a wajen masana Hibiscus rosa-sinensis, kuma jinsinsa ɗaya da rama da yakuwar da ake zoɓo da ita. Shi dai don ado ake shuka shi. Yana iya kaiwa mita uku ko fiye in an ƙyale shi, furensa kuwa yini ɗaya yake yi, wani iri biyu, sai ya naɗe ya faɗi, wani ya buɗe. Saboda haka in ka ga furanni zube a gindi da safe kada hankalinka ya tashi, ɗabi'arsa ke nan.

Legas ta karɓi wannan shuka sosai, ga ɗumi ga laima duk shekara. Amma abin da ya fi kashe ta a hannun mutanenmu shi ne ruwa. Mun taso inda ake yi wa shuka gurbi a gindi don ya tare ruwa, mu zo nan mu yi haka, alhali ruwan da ke sauka a Legas yakan haura milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Hibiskas na son ruwa ya ratsa saiwarsa ya wuce. In ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku, saiwa ta fara ruɓewa.

Wajen saye

A wajen masu sayar da furanni na bakin titi za ka same shi cikin baƙar leda. Kada furen da ke kai ya ruɗe ka. Zaɓi gajere mai rassa uku ko huɗu tun daga ƙasa, mai ganye kore shar, ka bar dogo siriri mai sanda ɗaya. Juya ganyen ka duba bayansa, ka leƙa inda reshe ya haɗu da ganye: in ka ga wani fari-fari kamar an manna auduga, ajiye shi, kuɗinka za ka sa ka sayo wa lambunka annoba. Ɗaga ledar kuma. In saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, shukar za ta sha wahala bayan dashe.

Jan nan na gargajiya mai fure falle ɗaya ya fi kowanne juriya, shi muke ba mai farawa shawara ya ɗauka. Masu manyan furanni ruɓi-ruɓi da launi biyu ko uku sun fi kyau a ido, sun kuma fi saurin zubar da toho da kamuwa da ƙwari.

Wuri da ƙasa

Yana bukatar rana ta kamar awa shida. Wurin da ya fi shi ne inda hantsi ke bugawa, inuwa ta sauko bayan azahar. A ƙarƙashin mangwaro ko a lungun da ke tsakanin gini da katanga zai yi ganye ya miƙe, fure kuwa sai jefi-jefi. Bar aƙalla santimita 60 tsakaninsa da bango, kuma ka kauce wa inda ruwan rufin kwano ko indararo ke zuba.

Ƙasar Legas ba iri ɗaya ba ce. A Lekki da Ajah da Victoria Island yawanci rairayi ne, wani wurin ma cike aka yi da yashi, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Rairayi ba ya riƙe taki, ga shi da damina ruwan ƙasa na tasowa ya cim ma saiwa. A ɓangaren Agege da Ikeja kuwa jar ƙasa ce, tana da abinci fiye da rairayi, amma in motoci da magina sun daddanne ta sai ta riƙe ruwa kamar ƙwarya. Kafin ka dasa, gwada: haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin 40, cika shi da ruwa da yamma. In ka wayi gari da sauran ruwa a ciki, wannan wurin ba na rami ba ne. Tara ƙasa ka yi tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da faɗin mita guda, ka dasa a kansa. A unguwannin da ruwa ke kwanciya duk Yuni, tudu ko tukunya ne kawai mafita.

Yayin haƙa za ka ci karo da buraguzan bulo da busasshen siminti, musamman a sabon gida. Kwashe su duka. Siminti na sa ƙasa ta yi kaifin toka, shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore.

Haɗin da za ka mayar cikin ramin: bokiti biyu na baƙar ƙasa, bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, bokiti ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na gini. In wurinka rairayi ne, bar yashin ka ƙara taki. Ana samun kashin shanu a kara, kamar wajen mayankar Oko-Oba a Agege, amma sai ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki, a tara shi wata biyu zuwa uku tukuna.

Dashe

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Afrilu zuwa farkon Mayu, ko kuma Satumba. Yi da yamma. Jiƙa ledar, yanka ta da reza daga gefe, kada ka ja shukar ta wuya. Ajiye ta yadda saman ƙasar ledar zai yi daidai da saman ƙasar lambu. Binne kara da zurfi na jawo ruɓewar gindi. Cika, danna da hannu, ba ta bokiti ɗaya na ruwa. In shinge kake so, bar santimita 60 zuwa 75 tsakaninsu. In kowacce za ta tsaya da kanta, mita ɗaya da rabi. Lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, amma ka bar tazarar tafin hannu daga karan, saboda gara da danshi.

Mai tukunya ya nemi mai faɗin santimita 35 zuwa 40, da huda huɗu ko biyar a ƙasa, ya ɗora ta a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya. Farantin da ake sa wa a ƙarƙashi a cire shi da damina, ban da ruɓar da saiwa har sauro yake haifarwa.

Ban ruwa

Yatsa ne ma'auni. Tura shi cikin ƙasa gaɓa biyu: in da danshi, bari, in ya bushe, ba da ruwa sosai har ya ratsa. Da damina shukar da ke ƙasa ba ta bukatar komai, sai in hutun Agusta ya yi tsawo. Daga Nuwamba zuwa Maris, bokiti mai lita goma sau biyu ko uku a mako ya isa a jar ƙasa, a rairayi kuwa duk bayan kwana ɗaya. Ta tukunya kullum, da safe.

Ga inda mutane ke rikicewa. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, tamkar mai ƙishirwa, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya sha. Mai lambu ya ga ta langaɓe ya ƙara mata bokiti, ya ƙarasa ta. In ka ga yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, dakatar da ruwa, tone gefe ka duba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa-baƙa ce, tana saɓulewa a hannu tana wari. In da sauran fara, ciro shukar, yanke ruɓaɓɓen, rage rassa da rabi, sake dasawa a kan tudu.

A bakin teku wasu rijiyoyin burtsatse ruwan zartsi suke bayarwa. Alamarsa gefen ganye ya ƙone, farin gishiri ya fito a bakin tukunya. Tari ruwan sama a duro, ka riƙa wanke ƙasar da shi sau ɗaya a wata har ya zubo ta ƙasa.

Taki

Hibiskas maci ne, amma kaɗan-kaɗan yake so, a kai a kai. Jira mako shida bayan dashe. Ƙaramar shuka cikin kwalin ashana ɗaya na kamfa, wato NPK 15-15-15, duk mako shida. Babba kwali biyu zuwa uku. Ta tukunya cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a wata. Barbaɗa a zagaye, santimita 30 daga kara in a ƙasa take, a gefe-gefe in a tukunya ce, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka rufe, ka bi da ruwa. In ka samu 12-12-17 mai ɗan maganiziyam, ya fi dacewa, domin wannan shuka ta fi bukatar fotash, lambar ƙarshe ke nan. Supa, wato takin fosfaros, ba ta da amfani a nan, yawan fosfaros na hana ta jan ƙarfe. Yuriya zalla kuma ganye za ta ba ka mai laushi, fure ya ragu, darɓa ta samu abinci. In tsofaffin ganye na ƙasa suka yi rawaya tsakanin jijiyoyi, narka babban cokali ɗaya na gishirin Epsom, mai ɗauke da maganiziyam, a lita biyar ta ruwa ka zuba a gindi.

Aski

A kan sabon reshe yake fure. Wannan shi ya sa shingen da ake bi da almakashi duk mako biyu don ya yi kusurwa huɗu ba ya fure: duk tohon da ya kawo kai an sare shi. Babban aski sau ɗaya ne a shekara, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, gab da saukar ruwa. Fara da matattun rassa da waɗanda suka gitta ta tsakiya, don iska ta ratsa, abin da laimar Legas ta sa ya zama dole. Sauran ka rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. Yanka a karkace, rabin santimita sama da gaɓar da idonta ke kallon waje, da almakashi mai kaifi da aka goge da sifirit. Fure zai dawo bayan wata biyu zuwa uku. In ba ka son ta zauna babu fure, yanke reshe ɗaya cikin uku, bayan wata ɗaya da rabi ka bi na gaba. Ƙaramar shuka kuwa tsinke mata kai da farce in ta kai santimita 30, za ta yi rassa ta cika.

Ƙwari

Babban abokin gaba shi ne farin ƙwaron nan mai kama da auduga. Yana tsotsar ruwan sabon toho, kan reshen ya dunƙule, ganye ya murɗe ya cure wuri ɗaya, fure ya ƙi buɗewa. Feshi ba ya shiga cikin curin, saboda haka yanke kan reshen, sa a leda, ƙone shi. Sauran da suka rage a goge su da auduga da sifirit. Darɓa tana taruwa a kan tohon fure, farin ƙuda kuma a bayan ganye, in ka girgiza reshe su tashi kamar gari. Dukkansu suna fitar da wani ruwa mai danƙo, a kansa ne baƙin nan mai kama da kunkunniya ke fitowa ya rufe ganye. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a kara, bi sawunta, tana kiwon waɗannan ƙwarin ne don zaƙin, tana kuma kore musu masu cin su.

Magani: ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya, wato mililita biyar, da rabin cokali na sabulun ruwa, a lita ɗaya ta ruwa. Girgiza sosai, fesa da yamma, ka mai da hankali ga bayan ganye. Maimaita duk kwana bakwai, sau uku, domin feshin farko ba ya kashe ƙwai. In ruwa ya sauka a daren, sake. Kada ka fesa da tsakar rana, kada ka sa garin sabulun wanki, kuma ka guji maganin ƙwari mai malatiyon, yana ƙone ganyen hibiskas. Da rani farar nan mai launi-launi mai wari takan zo ta cinye ganye. A tsince su da sassafe kafin su ji ɗumi.

Tohon fure da ke yin rawaya ya faɗi kafin ya buɗe, yawanci daga bushewa ne da jiƙewa a jere, ko an matsar da tukunya. In ba haka ba, tsaga guda ka duba. Ƙananan tsutsotsi a ciki na nufin a tsince duk wanda ya yi rawaya, har da na ƙasa, a ƙone. A rairayi kuma akwai tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli, irin wadda ke kama kuɓewa da tumatir, don haka kada ka dasa inda aka cire su.

Samun sabon iri

Ba sai ka sake saye ba. A Mayu ko Satumba yanko reshe mai kaurin fensir, wanda ya fara yin ruwan ƙasa amma bai tsufa ba, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. Yanka ƙasan dab da gaɓa, cire ganye ka bar biyu a sama, su ma ka rage su rabi. Soka rabinsa a ledar da aka cika da yashi da baƙar ƙasa daidai wa daida, ajiye a inuwa mai haske inda ruwan sama ba ya dukansa, ƙasar ta zauna da danshi kawai. Yi goma ko da biyar kake so, ba duka ke kamawa ba. Sabon ganye kan fito kafin saiwa, kada ka yi gaggawar ciro shi. Bayan mako shida zuwa takwas ja shi a hankali: in ya turje, ya kama. Riƙa fito da shi rana awa biyu da safe har mako guda, sannan ka ƙara, a wata na uku ya isa dashe.