Yadda ake gyaran bututun ƙazanta idan ya fashe a tsakiyar damina

A Marwa ta ƙasar Kamaru, cikin Agusta ne bututun ruwan ƙazanta ya fi fashewa, kuma sau da yawa laifin ƙasa ne. Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal tana tsattsagewa da rani, ta kumbura da damina, sai bututun PVC da ke cikinta ya yi ta motsi har mahaɗarsa ta ɓalle. Samarin unguwa su tona, su liƙa, su rufe, kafin kaka an sake kiran su.

Ka fara da bin gidajen da ke zuba ruwa a layin, ka roƙi matan gida su dakata da wanki da wanke-wanke. Sannan ka buɗe ramin dubawa na ɓangaren da ruwa ke fitowa, ka zura buhun yashi da igiya ya toshe bakin bututun. Da igiya na ce. Kada kowa ya sauka ciki, ko yaron aiki ya rantse ya saba. Iskar da ke kwance a ƙasan ramin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ce, idan ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya faɗi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Wajen tono, da ka kusa bututu ka ajiye diga ka ɗauki shebur, don bututun ruwan sha na kamfanin Camwater yakan bi gefen hanya ɗaya. Idan ramin ya wuce ƙugunka, tokare bangonsa da katako. Yanke inda ya lalace da zarto, ka ƙara kamar santimita 20 kowane gefe, domin tsaga tana tafiya inda ido ba ya gani.

Ni ban yarda da gasa bakin bututu a wuta don a faɗaɗa shi ba. Yana da araha, amma wurin yakan yi rauni. Sayi manshon biyu masu zamewa, wato mahaɗan da ke haɗa bakin bututu biyu, daidai da girman bututun, galibi milimita 100 ko 110. Kuma gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu, sai ka goge shi ya bushe ƙayau.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne abin da ke ƙarƙashin bututun. Ƙazantar da ta tsiyaya ta riga ta mai da ƙasar wurin taɓo. Idan ka ɗora sabon guntu a kai, zai lotsa, ruwa ya kwanta a tsakiya, datti ya taru, mahaɗar ta sake buɗewa. Kwashe taɓon nan kaf har ka iske ƙasa mai tauri, ka shimfiɗa yashi kaurin santimita 10, irin na kogin Mayo Kaliao, ka daddaɓe shi. Gangarar ta zama santimita 2 a kowace mita, ka auna da igiya da ma'aunin ruwa irin na magina, kada ka yarda da idonka. Gefe da saman bututun ma yashi ne. Kurar yashi ɗaya ba ta kai kuɗin sake tono ba, ka faɗa wa mai gida haka tun kafin ya fara ƙorafi.

Cire buhun, a zuba bokiti biyu-uku daga gida, ka duba mahaɗa, sannan ka rufe kaɗan-kaɗan kana daddaɓewa. Watsa ruwan jabel, wato bilic, inda ƙazanta ta malala, ka wanke hannu da kayan aiki da sabulu, don mutanen yankin Arewa Mai Nisa ba su manta kwalarar 2010 ba. Idan babban layin da ke ƙarƙashin kwalta ne, kada ka taɓa, ka sanar da ofishin magajin gari.