Yadda za ka ci moriyar kuɗin horo na wurin aikinka

Ma'aikatu da ƙungiyoyi da yawa a nan Maraɗi suna ware kuɗin horo kowace shekara, amma sai Disamba ta ƙarato a tuna da su. Daga nan a kama zaure a otal, a yi kwana uku ana shan shayi, a raba pardiyam, kowa ya koma yadda ya zo. Sau biyu ina irin wannan zama, ban tsira da komai ba sai jaka da alƙalami.

Da farko ka je wurin kwantabul tun watan Janairu. Tambaye shi jikka nawa aka ware, wane wata ake rufe lissafi, kuma ko kuɗin jarrabawa da na intanet suna ciki. In kamfani ne mai biyan harajin koyon sana'a, ka tuna masa da FAFPA, asusun gwamnati na tallafa wa koyon sana'a, don tallafa wa horon ma'aikata yana cikin aikinsa.

Sai ka zaɓi abin koyo, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kada ka bi sunan da ake yayi. Dubi abin da ke cinye maka lokaci kowane mako. Mai haɗa rahoton wata da hannu, Excel mai zurfi yake buƙata. Wanda ke yawo ƙauyukan Tasawa da Dakwaro da tulin takardun tambayoyi ya koyi KoboToolbox, wanda ke tattara bayanai a waya ko babu rezo. Wanda kuma ake kira duk sa'ad da intanet ɗin ofis ta ɗauke, CCNA, shaidar ƙwarewa kan rezon kwamfutoci ta kamfanin Cisco, ita ce tasa.

Kafin ka biya ko dala, gwada na kyauta. Cisco Networking Academy tana da darussan farko da ba a biya, shafin darussan intanet na FUN MOOC ma haka, da Faransanci. In ka jure mako uku ba ka yar ba, to ka nemi kuɗi. Jarrabawar CCNA dala 300 ce, dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba, kuma shaidarta shekara 3 take aiki kafin a sabunta.

Cikin takardar da za ka kai wa shugaba, rubuta matsalar, kuɗin, da ranar gamawa, shafi guda. Sa kuɗin forfe a lissafi, ka roƙi awa biyu a mako cikin lokacin aiki, gara da safe. Mai cewa zai yi karatu da dare a watan Afrilu, ga zafi ga ɗaukewar wuta, kansa yake ruɗi.

In ku biyar ne masu buƙata ɗaya, ku nemi malami daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya zo ya koyar da ku a kan kwamfutocinku, da ainihin fayilolin aikinku. Ya fi tura mutum ɗaya Yamai araha nesa ba kusa ba. Ku karɓi rasit na kowane biya, don kwantabul zai neme shi.