Yadda za ka sa masu koyon Turanci su buɗe baki da hirar fim

Malamai 'yan uwana masu koyar da Turanci a lesin ko makarantar dare ko ƙaramar sakandare, in kana fama da ɗaliban da sun iya cike gurbi a takarda amma da ka ce su yi magana sai kowa ya sunkuyar da kai, to ka gwada musu hirar fim. Yaran nan dama suna da ra'ayi a kan fim, mai zafi ma kuwa, ka saurare su a majalisa ko a tsakar gida ana gardamar wane jarumi ya fi wane iya aktin, ko fassarar Indiya ce ta fi daɗi ko na Kannywood, ba wanda yake inda-inda. Abin faɗa akwai shi, jimlolin da za su faɗe shi da su ne babu. Kuma ku duba fa, ko a jarrabawar WAEC ɓangaren furuci ba da baki ake yin shi ba, zaɓi ne A B C D, sai yaro ya ci alhali bai taɓa furta cikakkiyar jimla a gaban mutane ba, wannan abu yana damuna gaskiya.

Ka fara da Hausa, kar ka ji kunyar hakan. Minti biyar na farko ka tambaye su wane fim suka kalla kwanan nan, ka bar ajin ya ɗau zafi, sannan ka je allo ka rubuta kalmomi kaɗan da suka fito daga bakinsu: actor, actress, story, funny, sad, scary, boring, ending. Takwas ko goma sun isa a rana ɗaya, wanda ya jibga musu talatin ya ɓata allinsa ne kawai. A nan ne za ka gyara musu maganar bos, don mu a wajenmu bos shi ne mugun cikin fim, amma Bature in ya ji boss oga zai fahimta, sai ka ba su "the bad guy" tunda ya fi villain sauƙi a baki.

Daga nan sai ka ba su jimloli uku da za su riƙe, kar su wuce uku: "I like it because…", "I don't like it because…", "I think…". Wannan because ɗin shi ne zuciyar darasin gaba ɗaya. Duk wanda ya ce "I like it" ya yi shiru, ka ce masa "Why?" ka tsaya kana kallonsa da fara'a, ko da "because it is funny" kaɗai ya iya kawowa ka karɓa ka yaba masa, ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Amma kar ka bari kowa ya laƙe "because it is interesting", don da ɗaya ya faɗa sauran duk za su bi sahu har na ƙarshen benci. Ni nakan ce kalmar da aka riga aka faɗa sau biyu ta ƙone, sai a nemo wata.

Sai kallo. Ba sai kana da majigi ba, waya da ƙaramar sipika sun wadatar, ka sauke guntun bidiyon tun a gida ka yi caji saboda matsalar wuta da netwok. Minti biyu ko uku, kada ya wuce haka, kuma don Allah ka kalle shi kai kaɗai tukunna daga farko har ƙarshe, ka zaɓi wanda ba rawa ba shigar banza, wanda ko uban yaro ya leƙo ta taga ba za ka ji nauyi ba. Katun yana aiki sosai har ga manya. Karon farko ka kashe sautin gaba ɗaya su kalli hoto kawai, ka tambaye su "Who is he? Is she happy or sad? What happens next?", za ka ga har masu shirun suna miƙa wuya suna hasashe saboda babu Turancin da ya tsorata su. Karo na biyu ka kunna sauti su ga wa ya canka daidai. Kuma ba dole sai fim ɗin Turanci ba fa, guntun fim ɗin Hausa ma ya yi, wani lokacin ma ya fi, tunda sun gane labarin sarai duk ƙarfinsu sai ya tafi kan yadda za su faɗe shi da Turanci.

Wajen gardama nan ake ɗan shan wuya. Tarbiyyarmu ba ta saba yaro ya kalli babba ya ce ban yarda ba, musamman 'yan mata da ƙanana in akwai yayyensu a ajin, shi ya sa nake haɗa su biyu-biyu, sa'a da sa'a, kafin kowa ya yi magana a gaban aji. Ka rubuta musu "I agree" da "I don't agree", ka ƙara da mai laushi irin "Maybe, but I think…". Sannan kai malam ka faɗi ra'ayin da ka san ba za su iya haɗiyewa ba, misali ka ce mugun nan shi ne mutumin kirki a labarin, ka ce an ba kowa izinin musa maka. Wallahi za ka ji Turanci na fitowa daga inda ba ka zata ba, a karkace dai amma yana fitowa.

Kurakuran da za ka ji kusan iri ɗaya ne kullum. Za su ce "he is good" suna nufin fim ɗin, saboda a Hausa "shi" ake ce wa fim, sai ka nuna musu it. Za su ce "I am boring" maimakon bored, da "I am agree", da "I watch it yesterday" babu ed, da "the film is sweet" wato yana da daɗi. Ga kuma rikicin p da f da muka sani, play ta koma flay. Kar ka katse yaro yana tsakiyar magana don gyara, in ka yi haka sau biyu ba zai sake ɗaga hannu ba. Ka riƙe takarda kana rubutawa a ɓoye, minti goma na ƙarshe ka sa uku ko huɗu a allo ba tare da sunan kowa ba, ku gyara tare.

Aikin gida kuma ba rubutu ba. Kowa ya yi rikodin ɗin muryarsa na sakan talatin: sunan fim, wane iri ne, ya so shi ko bai so ba, da dalili ɗaya. Mai waya ya turo ta WhatsApp, wanda ba shi da ita ya zo ya faɗa a aji ko ya ari ta gida. Ka ajiye na makon farko kar ka goge, bayan wata ɗaya ka kunna wa kowa nasa shi kaɗai ya ji, sannan ka ƙara musu jimla ta huɗu, "It is better than… because…", ku shiga kwatanta fim biyu.