Yadda Ake Faɗin Ra'ayi a Kan Fim da Waƙoƙinsa Bayan An Gama Kallo

Duk lokacin da aka saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango, kafin gari ya waye an cika Facebook da zaurukan WhatsApp da maganarsa, kuma da safe za ka tarar ana ci gaba da ita a majalisa da shagon tela da wurin mai shayi. Sai dai idan ka tattara abin da aka faɗa, mafi yawansa bai wuce "fim ɗin ya yi" ko "wallahi bai yi ba", sai kuma yabon jarumi ko zaginsa. Wanda bai kalla ba ba zai ƙaru da komai ba, wanda ya shirya fim ɗin kuma ba zai san inda ya kamata ya gyara ba. Ra'ayi yana yin amfani ne idan mai shi ya iya nuna fitowar da ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, kuma duk bayanin da ke biye a kan yadda ake kaiwa ga hakan yake.

Abu na farko shi ne ka kalli fim ɗin har ƙarshensa kafin ka buɗe baki. Wannan magana tana kama da wadda ba ta buƙatar faɗi, amma yanzu mutane da yawa suna yanke hukunci daga tallan fim ko daga guntun minti ɗaya da wani ya yanko ya ɗora a TikTok, alhali wanda ya yanko guntun ya zaɓi wurin da zai fi tayar da ƙura ne. Idan shiri ne mai dogon zango, ba za ka jira ƙarshensa ba, domin wani yakan shekara da shekaru ana yi. Daɗin Kowa, alal misali, tun 2015 tashar Arewa24 take nuna shi. Abin da ake so a nan shi ne ka bayyana inda ka tsaya, ka ce sharhinka a kan kashi kaza ne na zango kaza, don kada ka zargi marubuci da barin wata kafa a buɗe alhali ya tanadi rufe ta a mako mai zuwa.

Ka kuma lura da abin da ka yi kallon da shi. Wanda ya je sinima, da wanda ya kalla a talabijin, da wanda aka tura wa fim a waya bayan an matse shi don kada ya cinye wuri, kusan ba abu ɗaya suka gani ba. Hoton da ya dushe ko sautin da ya shaƙe a kwafin da aka matse ba laifin mai ɗaukar hoto ba ne, don haka kafin ka soki hoto ko sauti sai ka duba fim ɗin a tashar masu shi ta YouTube ko a inda suka sake shi da kansu. Yana da kyau kuma ka ajiye takarda ko wayarka a kusa, ka rubuta mintin da wani abu ya burge ka ko ya dame ka, saboda bayan awa biyu abin da yakan rage a ƙwaƙwalwa jin daɗi ne ko haushi kawai, dalilinsu kuwa ya riga ya gudu.

Bayan kallo, ka tambayi kanka abin da fim ɗin ya yi niyyar yi, sannan ka auna shi da wannan niyya. Fim ɗin barkwanci irin wanda ake kira camama an yi shi ne don a yi dariya, kuma tambayar da ta dace da shi ita ce ko ya ba da dariyar. Kwana Casa'in, wanda aka fara nunawa a 2019, ya ƙirƙiri jiha mai suna Alfawa domin ya yi magana a kan siyasa da cin hanci, saboda haka wanda zai yi sharhinsa zai duba ko makircin 'yan siyasar da aka nuna ya yi kama da gaskiya, ko kuwa an sauƙaƙa shi har ya zama wasan yara. Mutumin da ba ya son fim ɗin soyayya yana da 'yancin faɗin haka, amma ya kamata ya faɗa tun farko, don mai karatu ya san cewa wani ɓangare na sukar daga ɗanɗanon mai sharhi ya fito.

Daga nan sai sanin wanda za a yaba da wanda za a tuhuma, kuma nan ne masu kallo suka fi yin kuskure. Fim aikin mutane da yawa ne. Marubuci ne ya tsara labari da maganganun da ake furtawa, darakta ne ya ba da umarnin yadda za a yi kowace fitowa, furodusa ne ya nemo kuɗi da kayan aiki, edita kuma shi ne ya yanka ya haɗa. Idan jaruma ta yi maganar da ba ta dace da matar ƙauye ba, akwai yiwuwar haka aka rubuta mata. Idan fitowa ta yi tsawo har ka fara duba wayarka, wannan tsakanin darakta da edita ne. Idan aka nuna mutum ya shiga ɗaki da farar hula ya fito da baƙa ba tare da dalili ba, mai kula da daidaiton fitowa ne ya yi sakaci. Abin da yake na jarumi shi ne fuska da murya da motsi, wato ko ya sa ka yarda cewa shi ne mutumin da yake kwaikwayo. Sunayen waɗannan mutane duka suna cikin rubutun da ke wucewa a farko ko ƙarshen fim, wanda yawancinmu muke tsallakewa, kuma minti biyu na karanta shi zai hana ka ɗora wa wani laifin wani. Haka nan wanda ya fito a mugu har ka ji ka tsane shi, aikinsa ya yi kyau ke nan, kuma yabo ya cancanta.

Maganar waƙa tana buƙatar a ɗan zauna a kanta, domin ita ce aka fi yi wa sharhin gaggawa. Da farko ka bambance kiɗa iri uku da ke cikin fim: waƙar da jarumai suke hawa su yi rawa, waƙar buɗe shiri wadda ake maimaitawa a kowane kashi, da kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana ba tare da an kula da shi ba. Kowanne da aikinsa, kuma ba a auna su da mudu ɗaya.

A waƙar da ake hawa, muryar da kake ji galibi ba ta jarumin ba ce. Mawaƙi ne ya rera a situdiyo, jarumi kuma ya bi da baki a gaban kyamara, abin da 'yan fim suke kira mamin. Wannan tsari daga fina-finan Indiya aka gaje shi, waɗanda aka daɗe ana nunawa a sinimomin Kano da sauran biranen Arewa tun kafin a fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990. A can ma haka abin yake: Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta shafe shekaru masu yawa tana rera waƙoƙin da jarumai mata suke hawa. Saboda haka idan waƙa ta yi daɗi, ka nemo sunan mawaƙin da na wanda ya yi kiɗan ka ambace su, jarumi kuma ka duba ko bakinsa ya dace da kalmomin, ko fuskarsa ta nuna abin da baitin yake faɗa. Akwai jarumin da ake rera baitin rabuwa yana murmushi, kuma wannan abin faɗi ne.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen auna irin wannan waƙa ita ce a yi mata gwaji biyu. Na farko, ka ɗauka an cire ta daga fim ɗin, ka ga ko labarin zai rasa wani abu. Idan waƙar ce ta sanar da kai cewa yarinyar ta amince, ko ta nuna shuɗewar watanni, to tana aiki a cikin labarin. Idan kuwa an tsayar da labari ne kawai aka tafi wani lambu aka canza kaya sau huɗu aka dawo inda aka tsaya, to ado ce, kuma kana iya cewa ta yi daɗi amma ba a wurinta take ba. Na biyu, ka saurare ta ba tare da kallon hoto ba, ido rufe in da hali, domin kyawun sutura da na wuri sukan rufe raunin baiti. A nan za ka ji ko amsa-amon ya zo da kansa, ko kuwa mawaƙin ya jawo kalmar da ba ta da alaƙa da maganar don kawai ƙarshen ɗango ya daidaita. Za ka ji ko amshin yana da abin riƙewa. Za ka kuma ji wani abu da ya keɓanta da harshe irin namu mai karin sauti, wato inda aka lanƙwasa kalma don ta bi kiɗa har ta fita daga yadda Bahaushe yake furta ta. Kaɗan daga wannan ba laifi ba ne, mawaƙan gargajiya ma suna yi, amma idan sai an sake saurare sau uku kafin a gane kalmar, ya cancanci a ambata. Ka kuma yi ƙoƙarin raba muryar mawaƙi da aikin na'urar gyaran murya, wadda idan aka cika ta takan sa mawaƙa biyar su zama kamar mutum ɗaya.

Kiɗan ƙarƙashi kuwa tambaya ɗaya ta ishe shi: ya taimaki fitowar ko ya danne ta? Sau da yawa uwa tana yi wa ɗanta nasiha amma fiyano ya fi muryarta ƙarfi, ko a saka kiɗan tashin hankali tun kafin wani abu ya faru, sai ya tona asirin abin da ke tafe. Idan kuma kana zargin an ɗauko karin wata waƙa daga fim ɗin Indiya ko daga wani mawaƙi, ka kawo sunan waƙar ta asali don mutane su saurara su kwatanta da kansu. Zargin sata ba tare da wannan ba ƙazafi ne.

Ba a raba sharhin fim ɗin Hausa da maganar tarbiyya, kuma babu dalilin da zai sa a raba su, tunda jama'a sun ɗauki abin da muhimmanci har Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Abin da nake ba da shawara shi ne ka ware wa wannan magana wurinta daban, kada ka cakuɗa ta da maganar gwaninta, domin fim yana iya tsaruwa da kyau ya kuma ƙunshi abin da kake ganin bai dace ba, wani kuma ya cika da wa'azi amma ya kasa riƙe mai kallo minti goma. Ka faɗi fitowar da ta dame ka da dalilinka, ka kuma duba ko fim ɗin yana tallata halin ne ko yana nuna shi don a ga ƙarshensa. Rayuwar jarumi ta bayan fage, aurensa ko mutuwar aurenta, ba ta cikin fim ɗin da ka kalla, don haka ba ta cikin sharhinka.

Idan ka zo rubutawa, ka fara da sunan fim da inda ka kalle shi, sannan jimla biyu a kan abin da labarin ya ƙunsa, ba tare da ka fallasa ƙarshensa ba. In har maganarka ba za ta yiwu ba sai ka ambaci wanda ya mutu ko wanda aka aura, ka yi gargaɗi a sama, ka bar tazara, don wanda bai kalla ba ya tsaya. Bayan haka ka zaɓi abu biyu ko uku ka yi musu bayani sosai, ka bar sauran. Maimakon ka rubuta cewa fim ɗin ya gundure ka, kana iya cewa: "Daga minti na ashirin zuwa na talatin da biyar, mutum uku ne suka ba da labarin korar Malam daga aiki ɗaya bayan ɗaya, alhali mun riga mun ga korar da idonmu." Wanda ya karanta wannan yana iya komawa ya duba, ya yarda da kai ko ya ƙi. Yabo ma haka yake buƙata, domin cewa jaruma ta iya kuka bai kai a ce ta yi shiru na daƙiƙa goma kafin ta amsa wa mahaifinta, kuma shirun ya fi kukan da ya biyo baya taɓa zuciya ba.

Fina-finan waje da ake fassarawa zuwa Hausa suna da ƙarin mataki ɗaya. A nan ayyuka biyu kake kallo a lokaci guda, na waɗanda suka shirya fim ɗin da na waɗanda suka ɗora murya, kuma masu fassara sukan ƙara barkwancin da babu shi a asali ko su sauya wa mutum suna. Ka bayyana wanne daga ciki kake yabo.

Da zarar ka saki ra'ayinka, masoyan jarumin da ka soka za su zo, wasu da hujja wasu da zagi. Wanda ya kawo fitowar da ka manta da ita, ka koma ka kalla, idan ya fi ka gaskiya ka gyara rubutunka a fili ka kuma ce shi ne ya tuna maka. Wanda ya ce kai ma ka shirya naka fim ɗin a gani, ba sai ka amsa masa ba. Idan shiri ne mai ci gaba, ka adana abin da ka rubuta, ka dawo gare shi bayan kashi uku ko huɗu, ka sanar da masu karatunka ko kafar da ka ce an bari a buɗe an rufe ta ko har yanzu tana nan.