Yadda za ka ƙara ƙarfi da ɗaga ƙarfe cikin wata uku

Duk wanda ya zaga Kara-Kara ko Sabon Gari da yamma ya san kayan ɗaga ƙarfe na samarin Damagaram: siminti a gwangwani biyu, sandar ƙarfe a tsakiya, bencin katako. Kayan nan sun wadatar. Abin da ke tsayar da yawancinmu shi ne nauyi ɗaya muke ɗagawa shekara guda cur, kuma damtse kaɗai muke wa hidima don ya cika hannun riga.

Fara da sanin nauyin kayanka. Kai su wurin mai sikeli a kasuwar Dole, a auna, ka rubuta kilon kowanne da fenti. Ka tanadi ɗan littafi kuma, don kai ba ya riƙe lissafin mako shida.

Sannan ka tsaya kan ɗagawa iri huɗu: tsuguno da ƙarfe a bayan kafaɗa, cira shi daga ƙasa zuwa ƙugu, tura shi daga ƙirji kana kwance, da tura shi sama kana tsaye. Biyun farko su ne uwa, su ke gina cinya, ƙugu da gadon baya. Je filin kokowa na Langa-Langa ka duba, da ƙafa da ƙugu ake kayar da ƙato.

Wajen tsuguno, buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ja numfashi ka ɗaure ciki tamau, ka sauka har cinya ta yi daidai da gwiwa, diddige na manne da ƙasa. Wajen cira daga ƙasa, ƙarfen ya bi ƙwauri kamar zai goge shi, baya a miƙe. Da ka ji bayan ya fara lanƙwasa, ajiye. Babu jarumta a nan. Kada kuma ka kwanta ƙarƙashin ƙarfe ba mai tsaya maka a kai.

Bayan ka ɗumama jiki da ƙarfe marar nauyi, ɗauki nauyin da za ka iya ɗagawa sau biyar da tsabta, ka ji saura ɗaya ko biyu a jikinka. Yi biyar ɗin, huta minti uku, maimaita har zagaye uku. Hutun nan ba lalaci ba ne, ko abokan fada sun yi maka tsiya. Kwana uku a mako sun isa, da kwana guda a tsakani: Asabar, Litinin, Laraba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ya fi, da ruwan sha a kusa.

Ga inda ƙarfin yake fitowa: duk ranar da biyar ɗin suka cika, ƙara kilo biyu a zama na gaba. Siminti ba ya ƙaruwa, amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗaure gora mai lita ɗaya a kowane gefe, ko mai walda ya yanka maka ƙananan faifai. Makonnin farko za ka ga nauyi na hawa jiki bai canza ba. Haka abin yake, jijiyoyi ne ke fara koyon aikin, tsoka na biyowa daga baya.

Abinci kuwa, mai kilo 70 na bukatar wajen giram 110 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini, ƙwai ɗaya na ba da giram shida. Wake, awara, nono, ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi su cike sauran. Barci awa bakwai zuwa tara. Allurar kumbura jiki tana taɓa hanta da zuciya, tana rage haihuwa, tiramol kuma ɓoye ciwo yake har ka ji rauni ba ka sani ba.

In nauyi ya ƙi tashi zama uku a jere, rage kashi goma cikin ɗari, ka sake hawa a hankali.