Yadda Ake Aikin Sa Kai a Tsakanin Al'ummar Baka ta Kurmin Kamaru

A kudu maso gabashin Kamaru, daga Lomiye zuwa Yokaduma har Mulundu da ke bakin iyakar Kongo, akwai al'ummar Baka, waɗanda tun kaka da kakanni suke rayuwa a cikin kurmi da farauta da kamun kifi da tonon doyar daji da ɗiban zuma. Tun daga shekarun 1950 da 1960 hukumomi, na mulkin mallaka da na bayan samun 'yanci, suka matsa musu su fito su zauna a bakin hanya, a gefen ƙauyukan manoma irin su Nzime da Bangando da Bakwele. Daga baya aka yanka kurmin aka raba wa kamfanonin katako, aka kuma killace wasu sassansa: gandun dajin Dja ya shiga jerin wuraren gado na duniya na UNESCO a 1987, an kafa gandun Lobeke a 2001, sannan Bumba Bek da Nki a 2005. Shi ya sa a yau Baka da dama suke zaune a kan ƙasar da ake cewa ta maƙwabtansu ce, suna ƙwadago a gonakin koko na wasu, alhali dajin da ya ciyar da iyayensu ba ya shiguwa sai da sharaɗi. Duk mai niyyar zuwa aikin sa kai a can ya kamata ya san wannan tarihi kafin ya ɗaure kayansa, domin shi ne zai fahimtar da shi dalilin da ya sa mutanen ba sa saurin sakin jiki da baƙon da ya zo da alkawarin ci gaba.

Matakin farko shi ne zaɓen ƙungiyar da za ka yi aiki a ƙarƙashinta, kuma a ganina babu matakin da ya kai shi nauyi. Kada ka tafi gaban kanka. Akwai ƙungiyoyin da Baka suke jagoranta da kansu, kamar Okani mai ofis a Bartuwa da ASBAK ta yankin Lomiye, akwai kuma waɗanda suka daɗe suna aiki tare da su, kamar CED ta Yawunde da Forest Peoples Programme ta Birtaniya. Ba lallai ne su kasance suna neman ɗan sa kai a lokacin da ka rubuta musu ba, don haka ka faɗi ainihin abin da ka iya da tsawon lokacin da za ka zauna, ka kuma yi haƙuri da amsar da ta zo. Idan wata ƙungiya ta karɓe ka, ka tambaye ta wa ya nemi a yi aikin tun asali, Baka nawa ne a cikin ma'aikatanta da shugabanninta, ina kuɗin da ɗan sa kai ke biya yake tafiya, kuma wa zai riƙe aikin bayan tafiyarka. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, amma ya ce ka biya ka zo mako biyu ka ga rawa ka kwana a bukkar ganye, yawon buɗe ido yake sayarwa.

Ayyukan kare namun daji suna buƙatar ƙarin taka-tsantsan. A 2016 ƙungiyar Survival International ta kai ƙarar WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, kan zargin cin zarafin Baka da masu gadin dajin da WWF ke tallafa wa suke yi, kuma a 2020 wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Navi Pillay, tsohuwar shugabar ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce bai sami shaidar cewa ma'aikatan WWF sun aikata ko sun ba da umarni ba, amma WWF ba ta ɗauki matakan da suka isa ba a kan zarge-zargen. Abin da wannan ke nufi gare ka a aikace shi ne, motar da ka shigo a cikinta da tufafin da ka sa suna magana kafin ka buɗe baki. Ka guji kaki da koren kaya masu kama da na gadi, kuma kada ka fara shiga zangon Baka a motar masu gadin daji.

Ka je da sana'a. Ma'aikaciyar jinya, da malamin firamare, da mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da wanda ya iya lissafin kuɗin ƙungiya ko zana taswira da na'urar GPS, duk suna da gurbi. Wanda ba shi da komai sai ƙarfin ɗaukar bulo yana ƙwace aikin da matashin wurin zai yi a biya shi. Faransanci wajibi ne, domin shi ne harshen ofis da asibiti da makaranta a wannan yanki, kuma koyon gaisuwa da 'yan kalmomi na harshen Baka yana buɗe ƙofa sosai. Sunan da za ka kira su da shi shi ne Baka, ba wanda maƙwabta ke kiran su da shi don raini ba.

Sai batun lokaci. Yankin yana da damina biyu da rani biyu: babban rani daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwa daga Maris zuwa Yuni, ɗan sauƙin ruwa a Yuli da Agusta, sannan ruwa mai ƙarfi daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da hanyoyin jar ƙasa ke zama taɓo, tirelolin gungumen katako su kafe su tare hanya kwana da kwanaki. Amma kalandar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ta mutanen kansu. A wajen Yuli da Agusta mangwaron daji yake zuba, wanda ƙwallonsa ne ogbono da muke gani a kasuwanninmu, sai iyalai su kwashe su shiga kurmi makonni suna tsinta suna fasawa suna shanyawa, domin yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu na shekara. Akwai lokacin zuma, akwai lokacin da mata ke datse rafi su kwashe ruwa su kama kifi, akwai kuma doguwar tafiyar daji da suke kira molongo. Wanda ya tsara taro ko gini a irin waɗannan lokuta zai tarar da zango fayau, kuma kuskure ne babba ya ɗauki hakan a matsayin lalaci ko rashin son ci gaba. Ka tambayi ƙungiyarka watannin da mutane ke gida, ka gina shirinka a kai.

Tafiyar kanta ba ta da wuyar fahimta. Daga Yawunde akwai kwalta zuwa Abong-Mbang da Bartuwa. Daga Abong-Mbang ake gangarawa kudu zuwa Lomiye, daga Bartuwa kuma a bi ta Baturi zuwa Yokaduma. Mai fitowa daga arewa zai iya hawa jirgin ƙasa a Ngaundere ya sauka a Belabo, ya ƙarasa Bartuwa a mota. Ka riƙe katin rigakafin shawara da fasfo da wasiƙar ƙungiyarka a kusa, saboda shingayen jandarmomi. Mutumin Nijar ya tuna cewa sefar Kamaru ta yankin Afirka ta Tsakiya ce, dole sai ya yi canji, kuma kowa ya tanadi tsabar kuɗi ƙanana kafin ya bar babban gari.

Idan ka isa, al'ada ce ka fara gabatar da kanka ga sufurefe, wato jami'in mulki na gunduma, sannan ga sarkin ƙauyen manoma da zangon Baka ke gefensa. Ka yi hakan da ladabi, amma kada ka ɗauka cewa amincewar sarkin ƙauye ita ce amincewar Baka. Nan ne mafi yawan ayyuka suke karkacewa. Tsakanin Baka da maƙwabtansu akwai tsohuwar alaƙa ta ubangida da bara, har wani manomi yakan ce waɗannan Baka nawa ne, kuma idan aka yi taro a gabansa sai ka ga mutane sun sunkuyar da kai sun amsa da to ga duk abin da aka faɗa. Wannan to ɗin ba yarda ba ce. Ka nemi a yi zama a cikin zangon Baka, da tafinta ɗan Baka, a zauna da mata daban idan hakan zai sa su saki baki, domin su ne masu gina bukkar mongulu, su ne masu ɗebo ruwa, kuma maganarsu tana da nauyi a cikin gida. Baka ba su da sarki mai yanke hukunci a madadin kowa. Ko da gwamnati ta naɗa wani, shawara tana nuna ne ta hanyar hira da dattawa da sauran jama'a, sau da yawa da dare bayan baƙi sun tafi. Saboda haka ka bayyana aikin da amfaninsa da illarsa, ka faɗa musu a fili cewa suna da ikon ƙi, sannan ka tafi ka ba su kwanaki. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali ta 2007, wadda Kamaru ta kaɗa wa ƙuri'ar goyon baya, ta tanadi cewa a nemi yardarsu tun kafin a fara, cikin 'yanci, bayan an yi musu cikakken bayani. Idan sun ce a'a, aikin ya tsaya.

Ayyukan da suka fi amfani sau da yawa ba sa ɗaukar ido. Babban misali shi ne takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a daji ba a yi masa rajista a kan kari ba, sai an bi ta kotu kafin ya samu, kuma idan babu ita ba zai zana jarrabawar kammala firamare ba, ba zai sami katin ɗan ƙasa ba, ba zai yi zaɓe ba, ko ƙara zai kai sai ya sha wahala. Ɗan sa kai mai haƙurin tattara sunaye, da raka iyaye ofis, da bin fayil har ya fito, ya yi aikin da zai bi yaro har tsufansa. Haka nan zana taswirar ƙasa: mutum ya bi mafarauta da mata cikin kurmi suna nuna bishiyoyin moabi da ake matse mai daga 'ya'yansu, da rafuka da kaburbura, ana sa musu alama. Irin wannan taswira hujja ce a gaban kamfanin katako, tana kuma taimakawa wajen neman dajin al'umma, tsarin da dokar gandun daji ta 1994 ta shigo da shi, mai faɗin da bai wuce hekta 5,000 ba. Sai dai taswirar mallakar al'umma ce, su ne za su ce wa zai gan ta, domin idan ta faɗa hannun da bai dace ba ta zama jagora ga ɓarayin katako. Idan kuwa rijiya ce ko famfo, a haƙa a wurin da Baka za su ɗiba ba tare da neman izinin kowa ba, a koya wa mutum biyu ko uku gyara, a kuma san garin da ake samun kayan gyaran.

Ka kula da lafiyarka da ta mutane. Ka sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ka kwana a gidan sauro, ka tafasa ruwa ko ka tace, ka sa riga mai dogon hannu saboda wani ƙuda mai cizo da rana wanda ke yaɗa tsutsar ido. Wannan tsutsa ce ta sa bai halatta ka raba maganin Mectizan da kanka ba, duk da cewa an saba da shi a wurarenmu, domin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi yawa a jininsa, har ya kai ga mutuwa. Idan ba ma'aikacin lafiya ba ne kai, aikinka shi ne raka mara lafiya asibiti ka tsaya har a duba shi, abin da ke da amfani ƙwarai saboda Baka sukan fuskanci wulaƙanci a irin waɗannan wurare. Idan mura ko tari ya kama ka, ka dakata da shiga zango.

Abincin yau da kullum shi ne rogo da agade da ganyen daji da kifi da naman farauta. Musulmi ya bayyana abin da ba ya ci tun ranar farko, cikin mutunci, ya ci abin da ya halatta gare shi tare da mutane, domin ƙin cin abinci da su yana tuna musu ƙyamar da suka saba gani. A garuruwa irin su Bartuwa da Yokaduma akwai masallatai da 'yan kasuwa Hausawa da Fulani, inda za ka sami naman yanka da masauki. Kada ka haɗa taimako da sharaɗin addini. Za a roƙe ka abubuwa da yawa, gishiri da sabulu da tocila da adda, kuma wannan tsarin zamansu ne, wanda ke da abu yakan raba. Ka yi shawara da ƙungiyarka, ka ba da kyauta a bainar jama'a yadda za ta kai ga kowa, kuma kada ka taɓa biyan lada da barasa, domin giyar leda ta riga ta yi wa zanguna da yawa ɓarna.

Kada ka ɗauki hoto ko muryar kowa sai da izini, ka kuma faɗa masa inda hoton zai je. Al'amuran Jengi, ruhin daji a aƙidarsu, suna da sirrin da ba a buɗe wa wanda ba a shigar da shi ba, saboda haka idan an ce ga iyakarka, ka tsaya nan. Ilimin magungunan itatuwa da za a nuna maka amana ce, ba naka ba ne ka wallafa ko ka sayar.

Tun daga makon farko ka nemi wanda zai gaje ka, ku riƙa yin komai tare. Kafin ka tafi, ka tara jama'a ka faɗi abin da aka gama da abin da ya rage da kuɗin da aka kashe, ka miƙa fayiloli da kayan aiki da kwafin taswira ga wanda suka zaɓa, a gaban kowa. Kada ka yi alkawarin dawowa ko aiko da kuɗi idan ba ka da tabbas, ka kuma bar wa ƙungiyar rahoto a rubuce da Faransanci wanda ya ƙunshi sunan kowane yaron da takardar haihuwarsa ba ta fito ba da ofishin da fayil ɗinsa ya tsaya.