Yadda ake gane awon 6/8 a rubutun kiɗa

Mai koyon karanta takardar kiɗa yakan ga 6/8 a farkon layi, sai ya kama ƙirga bugu shida, kiɗan ya yi masa nauyi. Alhali bugu biyu ne kawai, kowanne da 'yan uku a cikinsa.

Fara da lambar sama. In ka ga 6, 9 ko 12, raba ta gida uku: 6/8 bugu biyu ne, 9/8 uku, 12/8 huɗu. Lambar ƙasa, wato 8, tana nuna abin da ake ƙirgawa: baƙar alama mai sanda da wutsiya ɗaya. Uku irinta ne bugu guda. Shi kuma bugun, ana rubuta shi da baƙar alama marar wutsiya, da ɗigo a gefenta. Ɗigon nan yana ƙara mata rabin tsawonta. A da tana daidai da guda biyu na masu wutsiya ɗaya, yanzu ta kai uku.

Daga nan ajiye takarda, ka sa baki da hannu. Ce "Ka-tsi-na, Ka-tsi-na", kana tafi a kan kowane "Ka". Wannan 6/8 ne. Sai ka ce "Ka-no, Ka-no, Ka-no" ba tare da ka canza saurin gaɓoɓin ba. Nan ma gaɓa shida ce, amma tafi uku, wato 3/4. A ganina duk wanda ya tsallake wannan mataki, ko ya haddace lissafin, jikinsa ba zai kama ba. Maimaita har ka ji 6/8 yana rangaji kamar sukuwar doki.

Koma kan takarda ka duba sandar kwance da ta haɗa alamomin a madadin wutsiyoyinsu. Uku-uku aka ɗaure su, ko bibbiyu? Ɗaurin ya riga ya gaya maka inda nauyin yake.

Kiɗan rawar jig ta Ailan 6/8 ne, kuma da 12/8 aka saba rubuta kiɗan ƙararrawar gankogui ta Ewe a Ghana, inda biyu da uku ke tafiya tare. Gwada hakan a kan cinyarka: hannun hagu ya bi Katsina, ya buga a gaɓa ta 1 da ta 4, na dama ya bi Kano, a ta 1, ta 3 da ta 5. A gaɓar farko kaɗai za su haɗu. Fara a hankali, kada ka ƙara sauri sai hannuwan sun daina jiran juna.